Sauri Ya Haifi Nawa: Yadda Ake Sarrafa Jerin Bayanai a Koren Allo

 

 Da aka ce in zo in yi magana a kan wani abu daga cikin aikin da na daɗe ina yi, na san abin da yawancin ɗalibai suke sa ran ji, wato ƙirƙirarriyar basira da manhajojin waya. Ni kuwa sai na ɗauko muku tsohon kaya: baƙin allo mai koren rubutu, wanda ba shi da hoto, ba a kuma taɓa shi da yatsa. Ku yi haƙuri da ni, Hausawa sun ce da tsohuwar zuma ake magani.

Ga tambayar da za mu yi ta juyawa. Kamfani yana da dubban bayanai a rumbunsa, sunayen abokan ciniki ne, takardun oda ne, kayan da ke sito ne. Akawu kuma yana zaune gaban allon da ba ya nuna fiye da layi goma sha wani abu a lokaci guda. Nawa za ka ɗebo masa daga rumbun, kuma yaushe? In ya gama rubuce-rubucensa ya danna Enter, ta yaya manhajarka za ta gane layin da ya taɓa? Masu wannan sana'a sun shafe shekara arba'in da ɗoriya suna gardama a kan amsar, kuma a ganina rabin gardamar a wurin da bai dace ba ake yin ta.

Inda abin ya samo asali

A shekarar 1959 kamfanin IBM ya fito da harshen rubuta manhaja mai suna RPG, domin injinsa na 1401. Sunan kansa yana nuna aikin da aka yi shi dominsa, wato fitar da rahoto a takarda. A kan kati mai gurbi 80 ake huda umarni, kowane abu da gurbinsa, in ka gusar da harafi ɗaya gefe ma'anar layin ta sauya. A wancan zamani babu akawun da ke hira da kwamfuta. A tara katuna ne da rana, a zuba wa injin da dare, da safe a ɗauki rahoto.

Abin ya canza da zuwan allon aiki. A 1977 IBM ya fitar da injin System/34 tare da allunan da ake kira 5250, sannan a 1978 ya sanar da System/38, wanda aka ƙera a garin Rochester na jihar Minnesota a Amurka, inda injiniya Frank Soltis yake cikin manyan masu tsara shi. A watan Yuni na 1988 aka fito da magajinsa, AS/400. Injin ya sha sauyin suna: iSeries a 2000, System i a 2006, daga 2008 kuma babbar manhajarsa ta koma IBM i a kan injunan Power. Shi ma RPG bai tsaya wuri ɗaya ba, an yi RPG IV a 1994, a 2001 kuma aka fara sakar masa mara daga ƙangin gurabe. Amma duk da waɗannan sauye-sauye, manhajar da aka rubuta tun zamanin AS/400 tana iya gudana a injin yau. Shi ya sa bankuna da kamfanonin inshora da masana'antu da manyan diloli a ƙasashe da dama har gobe suke rataye da ita, kuma shi ya sa har gobe ake neman wanda ya iya gyara ta.

Abu biyu nake so ku riƙe game da allon 5250. Na farko, girmansa layi 24 ne, kowane layi harafi 80, jimla 1,920. In ka cire kanun shafi da wurin saƙon kuskure da bayanin maɓallai, abin da zai rage wa jeri bai cika wuce layi 12 zuwa 15 ba. Na biyu, allon ba ya aika kowane harafi da akawu ya buga zuwa ga injin. Riƙewa yake yi har sai an danna Enter ko ɗaya daga cikin maɓallan F, sannan ya aika da guraben da aka taɓa kaɗai. Kowane gurbin rubutu yana da wata 'yar alama a ɓoye, da zarar an buga wani abu a cikinsa sai ta tashi. Dalilin wannan tsumulmula kuwa layin sadarwa ne. A wancan zamani reshen kamfani da ke wani gari yakan haɗu da hedikwata ta layin waya mai gudun bit 9,600 a daƙiƙa, wato kusan harafi 1,200. Ku yi lissafi da kanku, cika allo ɗaya zai ci fiye da daƙiƙa ɗaya da rabi, kuma a kan wannan layin akawu biyar ko shida suke rububi.

Mene ne sabfayil

Tun daga System/38 aka samar da wata dabara ta nuna jeri a allo, sunanta sabfayil. Wata 'yar ma'ajiya ce da babbar manhajar injin take buɗe wa akawu ɗaya shi kaɗai. Manhajarka ta ɗebo bayanai daga rumbu ta jera su a ciki, layi na 1, na 2, na 3, kowane layi da lambarsa. Injin ne yake ɗaukar nauyin nuna su shafi-shafi. A gefen kowane layi akan bar ɗan gurbi inda akawu zai sa lambar zaɓi, kuma al'adar gidan ita ce 2 gyara, 4 gogewa, 5 dubawa. Duk wanda ya taɓa zama gaban wannan injin, ko cikin barci ka tashe shi zai faɗa maka waɗannan lambobi.

Lambobi biyu ne suke juya akalar sabfayil, kuma a cikin bayanin allo ake rubuta su. SFLPAG shi ne yawan layin da ke fitowa a shafi ɗaya. SFLSIZ shi ne girman ma'ajiyar da za a fara da ita. Akwai kuma iyaka da ba a tsallakewa: sabfayil ba ya ɗaukar fiye da layi 9,999. Ku ajiye wannan lambar, za mu dawo kanta.

Hanyoyi uku na sauke kaya

Ku ɗauka kun shiga Kantin Kwari sayen atamfa. Wani ɗan kasuwa, kana yin sallama, sai ya sa yaransa su sauke duk abin da ke kan kanta su baje a gabanka. Wani kuma turmi goma zai sauko maka, in ba ka ga wadda ta yi maka ba ya ƙaro goma a kan na farko. Na uku shi ma goma zai sauko, amma kafin ya kawo wasu sai ya mayar da na farkon mazauninsu. Waɗannan su ne hanyoyi uku na cika sabfayil, ba ragi ba ƙari.

Hanya ta farko ita ce a loda komai tun kafin a nuna shafin farko. Ta fi kowacce sauƙin rubutawa, domin da zarar ka cika ma'ajiyar, injin ne yake kai akawu gaba da baya, manhajarka tana hutawa. In jerin gajere ne kuma ka san iyakarsa, kamar layukan oda guda ɗaya ko rassan kamfani, babu abin da ya fi ta. Aibinta yana fitowa ne in jerin yana girma. Manhajar da aka rubuta lokacin da kamfani yake da abokan ciniki dubu biyu za ta yi shekaru tana aiki lafiya lau, nauyinta yana ƙaruwa a hankali ba wanda ya lura, har ranar da abokin ciniki na 10,000 ya shigo. Ranar nan sai ta tsaya cak da saƙon kuskure, wanda ya rubuta ta kuwa ya daɗe da yin ritaya.

Hanya ta biyu ita ce mai faɗaɗa. Ka sa SFLSIZ ya ɗara SFLPAG ko da da ɗaya ne, ka loda shafi guda, ka nuna. In akawu ya nemi gaba, injin ya dawo wa manhajarka da ragama, ka ƙara shafi a kan na baya. Komawa baya kuwa injin ne yake yi, tunda layukan suna nan a ajiye. Zaɓin da akawu ya sa a shafi na 1 yana nan yana jira ko da ya kai shafi na 6. Wannan ita ce hanyar da na fi ba wa sabon ma'aikaci shawara ya fara da ita. Iyakar 9,999 tana nan, amma wane akawu ne zai juya shafi sama da 700 da hannunsa?

Hanya ta uku ita ce shafi ɗaya tak, inda SFLSIZ da SFLPAG suke daidai. Duk juyin shafi, gaba ko baya, manhajarka ce za ta share ma'ajiyar ta sake cika ta. Ba ta da iyaka, ko rekod miliyan nawa ne a rumbun, kuma abin da akawu yake gani sabo ne a kowane juyi. Amma aikin yana wuyanka. Sai ka riƙe mabuɗin layin farko da na ƙarshe, ka iya sa manuni da umarnin SETLL, ka karanta gaba da READ, ka karanta baya da READP, ka san abin yi in an iso farkon fayil shafin bai cika ba. Zaɓin da akawu ya sa a shafin da ya bari kuma, in ba ka adana shi da kanka ba, ya bi ruwa.

Bari mu sa lambobi, na misali ne, amma kowa zai iya bin lissafin. Jeri mai rekod 8,000, shafi yana ɗaukar 14, shafi 572 ke nan. A ce kowane layi yana bukatar a leƙa wasu fayiloli uku, a ɗauko sunan mai kaya da farashi da abin da ya rage a sito. Karatu huɗu ke nan a kowane layi. Mai loda komai zai yi karatu 32,000 kafin akawu ya ga harafi ɗaya. Akawun kuwa shafi biyu zai duba ya sami abin da yake nema, wato layi 28, karatu 112. Yanzu ku sa akawu 60 su buɗe wannan allon da ƙarfe takwas na safe: karatu 1,920,000, kusan duka a kan layukan da babu idon da zai gan su. Sai a ce injin ya tsufa, a sayo sabo. Alhali da an sa gurbi ɗaya a saman allon, inda akawu zai rubuta farkon sunan da yake nema a fara jerin daga nan, da an huta.

Karanta abin da akawu ya rubuta

To, an nuna jeri, akawu ya yi rubuce-rubucensa ya danna Enter. A nan ne tsohuwar gardamar take. RPG ya ba ka hanya biyu. Umarnin READC yana miƙo maka layukan da aka taɓa kaɗai, ɗaya bayan ɗaya, har su ƙare. Masu harshen COBOL a wannan injin su ma suna da irinsa. Umarnin CHAIN kuwa lambar layi kake ba shi ya ɗauko maka, don haka sai ka yi zagaye daga layi na 1 zuwa na ƙarshe, ka duba kowanne, an taɓa shi ko ba a taɓa ba.

Wanda ya yi makarantar allo ya san duka biyun. Wata rana malam yana zaune a buzunsa, wanda ya yi sabon rubutu shi ne yake kawo allonsa a duba. Wata rana kuma malam ya tashi tsam ya bi sahu, ya duba allon kowa. Na farko shi ne READC, na biyu shi ne zagayen CHAIN.

In ka tambayi matashin mai rubuta manhaja wanne ya fi, nan take zai ce READC, ai layi uku ya fi layi ɗari uku saurin karantawa. Gaskiya ne, amma saurin nawa ne? Layukan sabfayil suna cikin ma'ajiyar aikin akawun, ba sai an je rumbun bayanai ba. Bin layi ɗari uku a can, a injin zamani, akawu ba zai ma ji alamarsa ba. Bambancin da ke tsakanin umarnin biyu na ma'ana ne. READC yana amsa tambayar "me akawu ya taɓa tun dubawar da ta wuce?" CHAIN yana amsa tambayar "me ke cikin jerin yanzu?" Wanda ya yi tambayar farko a inda ta biyu ta dace zai sami amsa cikin sauri, kuma amsar ba daidai ba ce. Ni ganau ne a kan wannan.

Ranar da aka danna Enter sau biyu

Farkon shigata aiki, a wani kamfanin rarraba kayan masarufi, an ba ni allon shigar da oda in gyara. Na yi amfani da READC, na sa binciken da ya kamata: in adadin da aka nema ya fi abin da ke sito, gurbin ya haskaka, saƙo ya fito a ƙasan allo, oda ba za ta wuce ba. Na gwada, ya yi aiki, na tafi gida ina jin kaina.

Akwai wani dattijon akawu da muke kira Baba, wanda hannunsa ya fi idonsa sauri. Takardar oda yake kallo, ba ya kallon allo, yatsunsa suna ta aiki a kan maɓallan lamba. Wata ranar Litinin ya buga 500 a inda ya kamata ya buga 50. Manhaja ta kama kuskuren, gurbin ya haskaka. Baba bai ɗaga kai ba, ya ji allon bai wuce ba, ya sake danna Enter. A karo na biyun nan READC ya duba bai ga layin da aka taɓa ba, domin ya riga ya miƙo wancan layin a karon farko, alamarsa ta sauka. Manhajata ta ga babu layi, babu kuskure, ta wuce da odar, takardar fitar da kaya ta fito a sito.

Kafin azahar sai ga mai kula da sito a bakin ofishinmu, takarda a hannu.

"Malam, kai ne mai kwamfutar nan? Katan ɗari biyar take so in loda, ni kuma ɗari da ashirin gare ni. A ina zan samo sauran?"

Na je wurin Baba na ce, "Baba, ba ka ga saƙon kuskure ba?"

Ya cire tabarau ya dube ni ya ce, "Yaro, shekara nawa ina wannan aiki, in allo ya ƙi wucewa na ƙara danna masa. In abu haramun ne a dannawar farko, yaya aka yi ya halatta a ta biyu?"

Ba ni da amsa, domin gaskiyarsa ce. Maganin kalma ɗaya ce da ban sa ba, SFLNXTCHG. In ka kama kuskure a layi, sai ka kunna ta ka sabunta layin, injin ya sake ɗaga masa alama kamar yanzu aka taɓa shi. Ko akawu bai gyara komai ba, READC na gaba zai sake miƙo maka shi, ya yi ta dawowa har sai an gyara. A makarantar allo, malamin da ya ga kuskure ya ce "je ka gyara", in bai riƙe fuskar yaron ba, yaron zai koma bayan sahu ya yi shiru, kuskuren ya zauna a allonsa har ya haddace shi.

Akwai wani tarkon a ɗaya gefen. READC ba ya cewa darajar gurbi ta canza, cewa yake an taɓa gurbin. Akawu yana iya sa 4 a gefen layi, ya fasa, ya goge da sarari. Layin zai zo maka a matsayin wanda aka taɓa, gurbin zaɓi kuwa fanko. Manhajar da ta ɗauka duk abin da READC ya kawo akwai aiki a kansa, wata rana za ta yi ɓarna.

Gudun gara

Bayan abin da ya faru da Baba sai na yi fushi da READC, na ce ni da shi har abada. Na koma zagayen CHAIN a ko'ina. A wani allo na gyaran farashi, na loda kaya ɗari huɗu, in akawu ya danna Enter sai in bi layukan duka in rubuta kowanne a rumbu. Babu layin da zai kuɓuce mini, haka na faɗa wa kaina.

Abin da na manta shi ne sabfayil hoto ne na lokacin da aka loda shi. Wata ma'aikaciya ta buɗe allon da ƙarfe tara, aka kira ta taro. Da ƙarfe goma wani a sashen saye ya ƙara farashin sukari daga nasa allon. Ƙarfe goma sha ɗaya ta dawo, ta gyara farashin sabulu kaɗai, ta danna Enter. Manhajata ta bi layi ɗari huɗu ta rubuta su duka, har da sukari a farashinsa na ƙarfe tara. Aka yini ana sayar da sukari a tsohon farashi. Na yi gudun gara na faɗa gidan zago.

Darasin da na ɗauka daga nan biyu ne. Kada ka rubuta a rumbu abin da akawu bai canza ba. Sannan kafin ka rubuta wanda ya canza, ka sake ɗauko rekod ɗin daga rumbu ka gwada shi da abin da ka loda tun farko, wanda ka adana a ɓoyayyen gurbi cikin layin. In sun saɓa, wani ya riga ka, sai ka sanar da akawu ya sake dubawa. Kada kuma ka ce za ka kulle rekod tun daga lodawa har akawu ya gama. Mutum yana iya barin allo a buɗe ya tafi sallah, duk wanda ya nemi wannan rekod ɗin kuma allonsa ya daskare. A wannan injin, in ba a canza ba, daƙiƙa 60 manhaja take jira kafin ta haƙura ta ba da kuskure. Ka karanta ba tare da kullewa ba lokacin lodawa, ka kulle na ɗan ƙiftawar ido lokacin rubutawa.

To yaushe ake amfani da wanne? In allon na zaɓi ne, akawu yana sa 2 ko 4 ko 5 a gefen layuka kaɗan cikin masu yawa, kowane layi kuma cin gashin kansa yake yi, READC ne gidansa, tare da SFLNXTCHG a duk inda aka kama kuskure. In kuwa hukuncin ya rataya a kan jerin gaba ɗaya, sai zagayen CHAIN. Misali allon shigar da lissafin kuɗi, inda dole jimlar ɓangaren shiga ta yi daidai da ta ɓangaren fita. Ko oda, inda ake son jimlar kuɗi, ko a tabbatar ba a sa kaya ɗaya a layi biyu ba. Ba za ka tara jimlar layi ashirin daga layi biyun da aka taɓa ba. Sau da yawa ma allo ɗaya yana bukatar duka biyun: READC ya tantance sababbin rubuce-rubuce, CHAIN ya bi jerin ya tara jimla. Jerin irin wannan allon gajere ne dama, don haka zagayen ba ya cin komai.

Abin da ya biyo mu har cikin waya

Wani ɗalibi zai ce, Malam, mu da ba za mu taɓa ganin koren allo ba, ina ruwanmu? Ku ciro wayoyinku ku buɗe manhajar banki, ku duba tarihin kuɗin da ya shiga da wanda ya fita. In ta kawo ashirin, kuka ja ƙasa ta ƙaro ashirin, sabfayil mai faɗaɗa ke nan ya sake riga. In shafi na 1, 2, 3 take nunawa, mai shafi ɗaya ne. In kuwa ta tsaya tana ta juya muku da'ira, data tana ƙonewa, wataƙila wani ne ya ce a sauke duk kantin.

Su ma masu RPG na yau sun koma cika sabfayil da harshen SQL, suna ɗebo layuka da yawa a ɗauka ɗaya maimakon ɗaya-ɗaya, kuma hakan ci gaba ne. Amma tsofaffin ramukan suna nan. In ka ce a jero maka bayanai bisa wani tsari da rumbun ba shi da fihirisarsa, injin zai iya tattara rekod ɗin duka ya jera su kafin ya ba ka goma sha huɗun farko, ka koma mai loda komai ba ka sani ba. In kuma kana juya shafi da cewa "tsallake dubu hamsin ka ba ni ashirin na gaba", injin sai ya bi ta kan dubu hamsin ɗin kafin ya zubar da su. Hanyar da ta fi ita ce ka riƙe mabuɗin layin ƙarshe ka ce a ci gaba daga nan. Masu manhajojin intanet suna koyar da wannan a matsayin dabara, tsofaffin masu RPG kuwa SETLL suke ce mata tun kafin a haifi yawancin waɗanda ke zauren nan.

Kammalawa

Kafin ku zaɓi hanya, ku tashi daga kujerarku ku je ku zauna kusa da wanda zai yi aiki da allon, ko na awa ɗaya ne. Ku ga shafi nawa yake juyawa kafin ya sami abin da yake so. Ku ga ko allon yake kallo ko takarda. Ku tambayi masu kamfanin jerin nan nawa ne yau, nawa zai zama nan da shekara goma. In an ce manhaja tana da nauyi, ku auna ku ga inda lokacin yake tafiya kafin ku taɓa layi ɗaya. A nawa aikin, kusan duk lokacin da na auna, a wurin lodawa na sami ɓarawon, ba a zagayen karanta allo ba. Sannan in kun gama rubutawa, ku gwada da jerin da babu komai a cikinsa, ku gwada da wanda ya wuce 9,999, ku sa kuskure da gangan ku danna Enter sau biyu.

Wannan gwajin na ƙarshe, a duk inda na yi aiki bayan nan, gwajin Baba nake kiransa, kuma ban taɓa sallamar allo ba tare da na yi shi ba. Allah ya jiƙan magabatanmu a wannan sana'a, ya sa wa abin da muka koya albarka.